KAMU DABAM, SHARI'A DABAM: LACCA A KAN HAMA AMADU DA DUKIYAR TALAKA

Wannan ita ce laccar da Sakataren Wayar da Kai na jiha ya yi wa wakilan rassa a Malbaza. Wakilai sun zo daga Birnin Ƙonni, da Illela, da Galmi, da Dogarawa, da Tsarnawa, da Gidan Idar, da Badagishiri. An buga ta domin kowane sakataren reshe ya karanta wa jama'arsa a taron mako. Wanda ya gama karantawa ya miƙa wa na kusa da shi.



An umurce ni in yi muku magana a kan mutumin da duk wanda ke zaune a nan ya san sunansa, watau marigayi Hama Amadu, wanda ya riƙe muƙamin Firayim Ministan ƙasar nan har sau biyu. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 23 ga Oktoba 2024, aka kai shi garinsu Yuri aka rufe. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshe. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba mu da baki a ciki. Amma kujerar da ya zauna a kai ta jama'a ce, kuɗin da suka bi ta hannunsa na jama'a ne, sabo da haka jama'a na da ikon su zauna su yi lissafi.

Na san a cikinku akwai masu ƙaunarsa har gobe, akwai kuma waɗanda ko sunansa ba su son ji. Ina roƙon kowa ya ajiye nasa a bakin ƙofa tare da takalminsa. In mun tashi kowa ya ɗauki abinsa.

Tun da fari bari in gyara wata magana da a ke yawo da ita a kasuwanni. Za ku ji wani ya ce, ai kotu ta kama Hama da cin kuɗin ƙasa. Wani kuma ya ce, ai kotu ta wanke shi tas. Duk su biyun sun yi gaba da abin da ya faru. An tuhume shi da cin kuɗi, an tsare shi wata 10, daga baya aka janye tuhumar ba tare da an zauna an baje hujjoji a gaban jama'a ba. Hukuncin da kotu ta yanke masa kuwa a kan wata magana ce dabam. A nan ciwon ya ke, kuma a kansa zan tsaya yau.

YADDA YA TASO

An haifi Hama a Yuri, kusa da Yamai, cikin 1950. Ba ɗan kasuwa ba ne, ba soja ba ne, ɗan takarda ne wanda ya girma cikin aikin Gwamnati. Ya fara da aikin duwan. A zamanin Saini Kunce ya shugabanci gidan rediyo da talabijin na ƙasa daga 1983 zuwa 1985, sa'an nan aka ɗauko shi aka ba shi riƙon ofishin Shugaban Ƙasa. Bayan rasuwar Kunce cikin 1987, Ali Saibu ya naɗa shi Ministan Watsa Labarai cikin 1988. Watau tun yana saurayi ya san inda a ke ajiye mabuɗan gidan.

Inda ƙasa ta san shi sosai shi ne Babban Taron Ƙasa na 1991. A lokacin nan kowa na jifan tsohon mulki, manya da yawa sun yi shiru sun sunkuyar da kai. Hama ya miƙe ya tsaya wa jam'iyyar MNSD, yana mayar da magana ɗaya bayan ɗaya. Ko maƙiyinsa ya yarda mutumin na da baki, yana da zuciya, kuma ya san takardunsa. A ƙarshen shekarar aka zaɓi Tanja Mamadu shugaban jam'iyyar, shi kuma Hama ya zama babban sakatare.

Yanzu ku lura da yadda a ke ƙulla abota a warware ta a saman nan, domin sai da wannan za ku gane sauran labarin. Cikin 1993 jam'iyyu suka haɗa kai suka kayar da MNSD, Mahaman Usman ya zama Shugaban Ƙasa, Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji na ƙasar Illelarmu, ya zama Firayim Minista. Cikin Satumba 1994 Isufu ya ajiye aiki, ya koma ya haɗa kai da MNSD. Da aka yi zaɓen Majalisa cikin Janairu 1995 sai suka fi Usman rinjaye, dole ya naɗa Hama Firayim Minista cikin Fabrairu, Isufu kuma ya zama Shugaban Majalisa. Shekara guda aka yi ana ja-in-ja tsakanin Shugaba da Firayim Ministansa, wannan ya naɗa wancan ya sauke, har taron ministoci ya gagara. Ran 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya zo da bindiga ya kwashe su duka.

SHEKARA BAKWAI A KAN KUJERA

Bayan kashe Ba'are cikin Afrilu 1999 da riƙon ƙwarya na Dauda Malam Wanke, Tanja ya ci zaɓe, ya ɗauko Hama ya ba shi Gwamnati a farkon 2000. Ya zauna a kan kujerar nan har tsakiyar 2007.

Gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta ko da a kan wanda ba namu ba. Dattawan da ke nan sun tuna shekarun da ma'aikaci ke bin Gwamnati bashin albashi wata da watanni, mushen lekol yana cin bashin gero wurin mai awo har mai awo ya fara ɓuya in ya hango shi. Bayan karya darajar sefa cikin Janairu 1994 abin ya ƙara tsanani. A zamanin Hama albashi ya dawo yana fita ƙarshen wata. An daidaita da masu bin ƙasa bashi, cikin 2004 aka yafe mana wani babban kaso. An gina azuzuwa da ɗakunan shan magani a ƙauyuka. Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci cikin Disamba 2005. Wanda ya ce mutumin bai iya aiki ba, bai yi masa adalci ba.

Amma da wane farashi? An sayar da kamfanin tarho na ƙasa, an ba wani kamfanin Faransa aikin raba ruwan famfo. An cika lekol da malamai 'yan kwantaragi masu ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Cikin 2005 kuwa aka yi abin da mu mutanen jihar Tawa ba za mu manta ba. Daminar 2004 ta yi gardama, fara ta zo ta cinye abin da ya saura. A daidai wannan lokaci Gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan madara, da fulawa, da sukari, da ruwa, da wutar lantarki. Cikin Maris 2005 jama'a suka fito, aka rufe kasuwanni, garuruwa suka yi tsit, aka kama shugabannin masu yaƙi da tsadar rayuwa aka kulle. Sai cikin Afrilu Gwamnati ta ja da baya. Da yunwa ta kankama a Tawa da Maraɗi da Damagaram, aka daɗe ana sayar wa mutane hatsi da rangwame, alhali wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ba shi da kuɗin rangwamen ma. Rabon kyauta bai zo ba sai da yara suka cika wuraren jinya.

To ga alheri ga kuma akasinsa, duk a buhu ɗaya. Haka aikin ɗan Adam ya ke.

KUƊIN LEKOL DA KUƊIN JARIDU

Cikin 2006 bincike ya tono ɓarna a Ma'aikatar Ilmin Firamare, abin da aka riƙa kira maganar MEBA. Kuɗi ne da ƙasashen waje suka bayar domin littattafai da kayan aji na 'ya'yan talakawa, aka bi da su ta hanyar kwangila mai farashin ƙarya. Abin ya haura miliyar guda, miliyar kuwa ita ce miliyan 1,000. Aka kama tsofaffin ministocin ilmi biyu, Ari Ibrahim da Haruna Hamani. 'Yan adawa, Isufu na gabansu, suka ce Firayim Minista ma ya zo ya yi bayani. Ran 31 ga Mayu 2007 Majalisa ta jefa ƙuri'ar rashin amincewa, wakilai 62 cikin 113 suka ce Gwamnati ta sauka. Ku lura, 'yan adawa su kaɗai ba su kai wannan yawa ba. Da hannun na cikin gida aka yi. Saini Umaru ya gaje shi.

Shekara guda bayan nan, cikin Yuni 2008, Majalisa ta amince a gurfanar da shi. Kuna tsammani a kan kuɗin lekol ne? A'a. A kan miliyan 100 ne na taimakon jaridu, watau jika 100,000. Ran 26 ga Yuni aka kai shi gidan kason Kutukale. Shi ya ce ƙarya a ke masa, so a ke a hana shi tsayawa zaɓen 2009. Yana cikin kaso aka karɓe shugabancin MNSD daga hannunsa. Cikin Afrilu 2009 aka sake shi na wucin gadi sabo da rashin lafiya, ya tafi Faransa. Bai daɗe da fita ba maganar Tazarce ta fito fili, aka yi ƙuri'ar raba gardama ran 4 ga Agusta 2009 domin Tanja ya zarce. Ran 18 ga Fabrairu 2010 Salu Jibo ya kifar da Tanja.

A nan ina so ku fahimci yadda injin ya ke aiki. A dokar wancan lokaci, minista ko Firayim Minista in ya yi laifi a bakin aikinsa, alƙalin da ke yi wa ni da kai shari'a ba shi da iko a kansa. Sai Majalisa ta jefa ƙuri'a tukuna, sa'an nan a kai shi wata kotu ta musamman wadda 'yan Majalisar ne da kansu ke zama a cikinta. To ku gaya mini, wa ke da mabuɗin wannan kotu? Mai rinjaye a Majalisa. Muddin kana cikin masu rinjaye ƙofar na kulle. Ran da ka ɓata da su, ran nan ta ke buɗewa.

Ga shaida. Hama ya dawo ya kafa jam'iyyar Lumana. A zaɓen 2011 ya zo na uku da kusan kashi 20 cikin 100, ya mara wa Isufu baya a zagaye na biyu, Isufun nan da ya jagoranci kayar da shi cikin 2007. Isufu ya ci, Hama ya zama Shugaban Majalisa cikin Afrilu 2011. Cikin 2012, yana kan wannan kujera, aka janye tuhumar da a ke yi masa.

To, 'yan'uwa, ɗaya cikin biyu ne. In bai ci kuɗin nan ba, an zalunce shi, an tsare mai gaskiya wata 10, kuma ba wanda aka hukunta a kan wannan zalunci. In kuwa ya ci, an zalunce mu, domin an yafe abin da ba na mai yafewar ba. Ko wanne ne, akwai zalunci, kuma har aka rufe shi a Yuri ba a zaunar da talaka an nuna masa takarda an ce ga inda jika 100,000 ɗinka suka shiga ba.

HUKUNCIN DA AKA YANKE

Cikin Agusta 2013 ƙawancen ya watse, Hama ya koma adawa. Kafin shekara ta zagayo sai ga maganar jarirai da aka ce an sayo daga Nijeriya an biyo da su ta Benin, aka kama mutane da dama, har da na cikin gidansa. Cikin Agusta 2014 ya fice daga ƙasa. Cikin Janairu 2015 kotun farko ta ce ba ta da hurumin sauraron maganar, kotun ɗaukaka ƙara ta warware wannan. Ya dawo ran 14 ga Nuwamba 2015, daga filin jirgi aka wuce da shi kason Filinge. Daga cikin kaso ya tsaya zaɓen Fabrairu 2016, ya zo na biyu da kusan kashi 18 cikin 100, bai taka ko dandali ɗaya ba. Kwana huɗu kafin zagaye na biyu aka ɗauke shi zuwa asibiti a Faransa. Ran 13 ga Maris 2017 aka yanke masa ɗaurin shekara guda ba ya nan. Shi dai har ya mutu yana cewa ƙulli ne na siyasa.

Ya dawo cikin Nuwamba 2019 ya miƙa kansa, aka mayar da shi Filinge, aka yi masa afuwa cikin Maris 2020 lokacin annobar korona. Amma hukuncin shekara gudan nan ya isa, domin dokar zaɓe ta hana wanda aka ɗaure shekara guda tsayawa. Cikin Nuwamba 2020 Kotun Tsarin Mulki ta cire sunansa. Bayan hargitsin zaɓen Fabrairu 2021 aka sake kulle shi, aka bar shi ya fita neman magani, bai dawo ba sai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Sayar da ɗan mutum babban laifi ne, ba wanda zai raina shi a gabanmu. Amma ku dubi kwanakin da kanku. Yana ɓatawa da Tanja, ga kaso. Yana shiryawa da Isufu, ga sallama. Yana ɓatawa da Isufu, ga kaso. Ko da kowace tuhuma gaskiya ce, shari'ar da ke bin sawun ƙawance haka ta zubar da mutuncinta, ba mai yarda da ita. Shi ya sa masoyinsa ba zai taɓa yarda ya yi laifi ba, maƙiyinsa kuma ba zai taɓa yarda an zalunce shi ba.

CUTAR TA GIRME SHI

Kada wani ya ɗauka da Hama abin ya fara. Ran 15 ga Afrilu 1974 Kunce ya kifar da Jori Hamani, aka ce manya sun karkatar da hatsin taimako lokacin babban fari. An tsare Jori har 1980, aka ci gaba da yi masa ɗaurin talala har 1987, ya rasu a Maroko cikin 1989. Ina shari'ar? Ba a yi ba. Babban Taron 1991 ya kafa hukumar binciken laifuffuka. Salu Jibo ya kafa tasa cikin 2010. Isufu ya kafa HALCIA cikin 2011, daga baya aka zo da abin da aka kira Mai Bulala. Sojojin 2023 suka kafa COLDEFF. Kowane sabon mai gida da sabuwar tsintsiyarsa ya ke zuwa, kuma ɗakin wanda ya fita ya ke fara sharewa.

Ga misali mafi ciwo. Cikin Disamba 2019 aka kashe mana soja 71 a Inates, cikin Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. A farkon 2020 binciken Ma'aikatar Tsaro ya nuna asarar da ta kai miliyar 76 ta hanyar kwangilar makamai, wasu an ninka farashi, wasu an biya ba a kawo kayan ba. Ku yi lissafi, miliyar 76 ta ninka miliyan 100 har sau 760. A kan kaso ɗaya an tsare tsohon Firayim Minista wata 10. A kan kaso 760 sai aka ji 'yan kwangila sun ɗauki alkawarin mayarwa ko cika kayan, waɗanda suka fito zanga-zanga a kan maganar cikin Maris 2020 kuwa su ne suka kwana a kaso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

MU LEƘA MAƘWABTA

Mu ɗaga kai mu dubi arewa, ƙasar Aljeriya, inda aka yi wa tsohon Firayim Minista shari'ar cin hanci har aka kai ƙarshe. Sunansa Ahmad Uyahiya. Sau huɗu yana riƙe Gwamnati tsakanin 1995 da 2019. Shi ne ya shiga tsakani a rikicin arewacin Mali cikin 1992. A hawansa na farko ya yi kamfen na tsabtace hannu, ya cika kaso da shugabannin kamfanonin Gwamnati, da yawansu daga baya aka ga ba su da laifi. Shi ne kuma cikin Yuli 2017 ya fito ya ce baƙin da ke shigowa ƙasarsu daga kudu su ne tushen laifi da ƙwaya. Wa ya ke nufi? 'Ya'yanmu da ƙannenmu, irin waɗanda a ke zubarwa a hamada su taka da ƙafa zuwa Asamaka.

Ran 22 ga Fabrairu 2019 mutanen Aljeriya suka cika tituna suka ce Shugaba Butafilika ba zai yi hawa na biyar ba. Cikin Maris Uyahiya ya sauka, cikin Afrilu Butafilika ya bi shi, cikin Yuni aka kulle Uyahiya. Ran 10 ga Disamba 2019 kotu ta ɗaure shi shekara 15 a kan maganar kamfanonin haɗa motoci da kuɗin kamfen na ɓoye, wani tsohon Firayim Ministan kuma, Abdulmalik Sallal, ya sami shekara 12. Cikin Janairu 2021, a gaban alƙali, Uyahiya ya faɗa da bakinsa cewa ya karɓi sandunan zinariya 60 kyauta daga sarakunan Larabawa, ya sayar a bayan fage a kan dinari miliyan 350. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Kada ku yi saurin tafi. Can ma sai da mai gidan ya faɗi kotu ta sami ido, kuma hukuncin ya fito ne kwana biyu kafin zaɓen da masu mulki ke so jama'a su fito su yi. Shekara 20 da wani abu yana sama ba alƙalin da ya tambaye shi. Amma da abu ɗaya suka fi mu: an zauna, an karanta lambobi, mutumin ya buɗe baki ya amsa, jama'a sun ji da kunnensu. Ba'aljere ya san abin da aka ci masa. Mu ko wannan ba mu samu ba.

ABIN DA YA BARI

To mene ne gadon Hama Amadu? Ya bar misalin ɗan takarda mai ƙwazo wanda ya tsayar da albashi ya kuma ɗora wa mayunwaci haraji. Ya bar misalin ɗan siyasa mai taurin rai wanda ya dawo gida da ƙafarsa sau biyu yana sane kaso ke jiransa. Ya shekara bakwai da iko a hannunsa bai gyara kotun nan da mai rinjaye ke riƙe da mabuɗinta ba, har ta zo ta ci shi. Ya kuma bar littafin lissafi a buɗe, ba wanda ya rufe shi.

Ku mutanen Malbaza kun fi kowa sanin maganin wannan. Tun zamanin Jori a ke yin siminti a garin nan. Motar da ta zo ɗaukar kaya, a kan ɗora ta a sikeli tana wofi, in ta yi lodi a sake ɗora ta. Abin da ke tsakanin awo biyu shi ne kayan da ta ɗauka, ba gardama, ba rantsuwa. Ba a jira sai direba ya yi faɗa da mai kamfani kafin a auna shi, kuma ba a ɗauke masa awo don shi abokin mai kamfani ne. Haka mu ke so a yi wa kowane mai riƙe da dukiyar jama'a. Tsarin mulkin 2010 ya wajabta wa Shugaba da ministoci su bayyana dukiyarsu, amma wa ya taɓa karanta muku takardar a kasuwar Galmi? Awon da mai kaya bai gani ba, ba awo ba ne.

AIKIN RASSA

Ba mu taru domin mu yi ta zagin na sama mu watse ba. Ga abin da a ke bukata daga kowane reshe.

1. In kun ji an kama wani babba a kan kuɗi, kada ku yi guɗa, kada kuma ku yi kuka. Ku yi tambaya huɗu: Nawa ne? Na wane aiki ne? Yaushe za a zauna shari'a a fili? In an karɓo kuɗin, wace taska suka shiga? Ku riƙa maimaita su har a gaji da ku.

2. Ku tambayi mai kujera tun yana kan kujera. Tambayar wanda ya riga ya faɗi ba jarunta ba ce, ko yaro ya iya jifan mushen zaki.

3. Ku fara da abin da idonku ke gani. Tikitin da a ke yanka wa mai albasa da mai tumaki ran kasuwa, nawa a ke tarawa a wata, me aka yi da shi? Ajin da aka ce an gina, buhun siminti nawa aka rubuta, nawa aka zuba? Kowane reshe ya sami littafi guda, mutum biyu masu karatu su riƙa rubuta abin da suka gani da kwanan wata. Ku yi tambaya da ladabi, a gaban shaidu. Kada ku ɗora wa kowa sata ba hujja, domin wannan shi ne zaluncin da mu ke kuka da shi.

4. In namu ne aka tuhuma, tambayoyin nan huɗu ba su canzawa. Ran da muka ce a bar shi don namu ne, ran nan mun zama irin waɗanda mu ke zargi.

5. Ma'ajin kowane reshe ya karanta lissafin kuɗin kati da na gudummawa a gaban 'yan reshe kowane ƙarshen wata, ko da dala biyar ce ta shigo. Iyayenmu mata masu adashi sun san wannan tun kafin a haife mu, ba a raba kuɗin adashi a ɗaki a kulle. Reshen da ya wuce wata biyu bai karanta ba, wakilinsa zai yi bayani a taron jiha. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

'Yan'uwa, kakanninmu sun biya haraji ga Nasara ba su da ikon tambaya. An ce mun sami 'yancin kai ran 3 ga Agusta 1960. 'Yancin nan bai cika ba sai ran da mai noman albasa a Galmi zai tsaya gaban minista ya ce kawo lissafi, minista ya kawo, shi kuma ya koma gida ya kwana a ɗakinsa lafiya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya ba talaka sawaba.